A Karanta Gefen Taya Kafin A Biya Kuɗinta

Duk girman mota da ƙarfin injinta da tsadar kuɗinta, a wurare huɗu kaɗai take taɓa ƙasa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba. Ta waɗannan wurare ne ƙarfin inji yake isa ga hanya, ta nan birki yake tsayar da mota, ta nan kuma sitiyari yake juya ta. Idan ɗayansu ya gaza alhali mota tana cikin gudu da kaya, babu wani taimakon da sauran ƙarafan motar za su iya yi wa direba. Saboda haka zaɓen taya magana ce ta rai, musamman ga motocin akori-kura masu ɗaukar nauyi, waɗanda a wuni guda sukan bar kwalta su hau burji, su ratsa yashi, su faɗa taɓo.

Galibin masu sayen taya ga irin waɗannan motoci da ido suke zaɓe. Mutum ya shiga kanti, ya ga taya mai manyan haƙora da zurfin zane, sai ya ce lalle wannan ita ce mai ƙarfi. Ra'ayina shi ne wannan hanya ta sa keke a gaban doki. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne nauyin da tayar za ta iya ɗauka, sa'an nan iskar da take bukata, sa'an nan shekarunta. Zane ne na ƙarshe. Dukkan abubuwa ukun nan na farko kuwa a rubuce suke a gefen taya, kuma ɗalibin sakandare da ya iya lissafi da ɗan ilmin fiziya zai iya karanta su.

Tayar kowace-hanya

Tarihin tayar zamani ya faro ne daga 1839, lokacin da Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa dafa ɗanyen roba da farar wuta yana hana ta narkewa cikin zafi da sandarewa cikin sanyi. A 1888 John Boyd Dunlop ya yi tayar keke mai iska a birnin Belfast. A 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar ƙirar da ake kira radiyal, wadda zaruruwan jikinta ke tsallaka taya daga gefe zuwa gefe, aka kuma ɗaure fuskarta da ɗamarar wayoyin ƙarfe. Kusan duk tayoyin ƙananan motoci na yau wannan ƙirar ce. A 1976 kuma kamfanin BFGoodrich ya fito da tayar radiyal da aka yi domin hawa kwalta da shiga daji baki ɗaya.

A yau tayoyin akori-kura iri uku ne. Akwai ta kwalta, mai alamar H/T, wadda zanenta ƙanana ne a matse. Akwai ta taɓo, mai alamar M/T, wadda haƙoranta manya ne da wawakeken rami a tsakaninsu domin laka ta riƙa zubewa. A tsakiya kuma akwai mai alamar A/T, wadda za mu kira tayar kowace-hanya. Sunan yana da daɗin ji, amma ma'anarsa ita ce sasantawa: a kan kwalta ba ta kai ta kwalta ba, a cikin laka kuma ba ta kai ta taɓo ba. Ta fi ta kwalta ƙara da nauyi da shan mai, kuma sau da yawa takan bukaci tazara mafi tsawo kafin ta tsaya a jiƙaƙƙiyar kwalta. Abin da take biya da shi shi ne juriya ga tsakuwa da ƙaya da kaifin dutse.

A Amurka da Kanada ne aka fi yin muhawara a kan waɗannan tayoyi, domin can ne gidan manyan akori-kura irin su Ford F-250 da Ram 2500 da Chevrolet Silverado 2500HD, waɗanda ke jan tirelolin dawaki da kayan gini. A ƙasashenmu kuwa Toyota Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ne ke yin wannan wahala, daga kasuwannin hatsi na ƙauye har zuwa hanyar Agadez da Dirkou a cikin Sahara. Motocin sun bambanta, amma tsarin rubutun gefen taya ɗaya ne a ko'ina, dokokin fiziya kuma ba su san iyakar ƙasa ba.

Iska ce ke ɗauke da kaya

Mai karatu ya tuna da ka'idar nan da ake koyarwa a aji: matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin fili. Mu ƙaddara taya guda tana ɗauke da kilo 1,000, watau kimanin Niyuton 9,800. Idan iskar cikinta ta kai kilofaskal 400, wanda ya yi daidai da kimanin 58 a awon masu faci da ake rubutawa psi, to filin da za ta taka a ƙasa zai zama wajen murabba'in santimita 245. Idan aka rage iskar zuwa rabi, dole tayar ta ƙara kwanciya har filin ya kusa ninkawa, domin nauyin bai ragu ba. Wannan lissafi kintace ne, tun da jikin roba ma yana ɗan taimakawa, amma ya nuna gaskiyar magana: aikin roba da waya shi ne riƙe iska, iskar ce kuma ke ɗauke da kaya.

Daga nan ne haɗari yake tasowa. Tayar da ta kwanta da yawa, gefenta yana lanƙwashewa ya miƙe a duk juyi guda, kuma a gudun kilomita 100 a sa'a tayar akori-kura tana juyawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya. Ɗalibi ya ɗauki guntuwar waya ya yi ta lanƙwasa ta da sauri, sa'an nan ya taɓa wurin lanƙwasar, zai ji zafi. Haka roba take yi. Zafin nan yana raunana haɗin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfe, har wata rana fuskar tayar ta ɓare ko tayar ta fashe. Yawan kaya da ƙarancin iska da tsananin gudu duk hanya ɗaya suke bi su kashe taya, watau hanyar zafi.

Yadda ake karanta gefen taya

Mu ɗauki misalin da aka saba gani a manyan akori-kura: LT265/70R17 121/118S. Haruffan LT na farko suna nuna an yi tayar ne domin ƙananan motocin ɗaukar kaya. A tayoyin da aka yi bisa tsarin Turai, harafin C ne a bayan girman yake nuna haka, kamar 205R16C. Lamba 265 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 70 tana nufin tsawon gefen tayar kashi 70 cikin ɗari ne na faɗinta. Harafin R radiyal ke nan, 17 kuma faɗin rim ne a inci.

Mafi muhimmanci su ne lambobin ƙarshe, waɗanda masu saye ba su cika kallo ba. Lamba 121 alamar nauyi ce, kuma akwai jadawalin da duk masana'antu suka yarda da shi: 110 tana nufin kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 118 kilo 1,320, 121 kuma kilo 1,450. Lamba ta biyu, watau 118, ta shafi motar da ake jera wa taya biyu-biyu a baya. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a sa'a, R 170, S 180, T 190. Bugu da ƙari, tayoyin LT suna da ajin ƙarfi. Ajin C yakan ɗauki iska har 50, ajin D har 65, ajin E har 80. Abin lura a nan shi ne tayar ajin E mai lamba 121 ba ta ɗaukar kilo 1,450 ɗin nan sai an cika ta da iska 80. Wanda ya saye ta da tsada ya sa mata 35 ya biya kuɗin ƙarfin da ba ya amfani da shi.

Ga wani lissafi da za a iya yi a allo. Mu ƙaddara bayan wata akori-kura yana da nauyin kilo 900 idan babu kaya, tayoyinta na baya kuma masu lamba 112 ne. Su biyun za su ɗauki kilo 2,240, saura kilo 1,340 ke nan na kaya, watau buhu 13 na masara mai kilo 100. Idan aka loda buhu 20, kuma nauyin ya sauka a baya, kowace taya za ta ɗauki kilo 1,450, ta wuce iyakarta da kilo 330. Ba a ma lissafa fasinjojin da ke zaune a kan buhunan ba. Girman haƙoran tayar bai canza ko kilo ɗaya a wannan lissafi ba.

Sai dai kada wani ya ɗauka cewa sanya taya mai lamba 121 ya ba shi izinin lodin buhu 20. Sifirin da birki da ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun mota suna nan yadda masana'anta ta yi su. A jikin ƙofar direba akwai ɗan allo ko takarda da ke nuna girman taya da iskar da ta dace da iyakar nauyin motar. Dokar zaɓe mai sauƙi ce: kada lambar nauyin sabuwar taya ta gaza wadda ke wannan allo. Har ila yau, akwai tayoyin kowace-hanya da aka yi wa motocin fasinja, masu harafin P a gaba, waɗanda zanensu bai da bambanci da na LT a ido. Ka'idar masana'antu a Amurka ita ce idan an sa irinsu a motar kaya sai a rage kimanin kashi 10 cikin ɗari daga nauyin da aka rubuta musu. Wanda ya zaɓa da ido ba zai taɓa gane wannan ba.

Darasi daga Amurka

A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kimanin miliyan 6.5 samfurin ATX da ATX II da Wilderness AT, waɗanda galibinsu ke kan jif ɗin Ford Explorer. Fuskar tayoyin tana ɓarewa cikin gudu, motar kuma ta ƙwace ta wuntsila. Hukumomin Amurka sun danganta mutuwar mutane fiye da 200 da wannan matsala. Kamfanonin biyu sun yi ta ɗora wa juna laifi. Ford ya ce aibin daga ƙirar tayar ne, Firestone kuma ya ce iska 26 da Ford ya ba da shawara ta yi kaɗan, 30 ce ta dace. Abin da ya shafe mu shi ne yawancin koke-koken daga jihohin kudu masu zafi suka fito, kuma tun 1999 Ford ya fara canza irin waɗannan tayoyi a Saudiyya. A sanadiyyar wannan ne majalisar Amurka ta yi doka a shekarar 2000, wadda ta kai ga tilasta sanya na'urar gargaɗin ƙarancin iska a sababbin ƙananan motoci daga 2007.

Tayoyin nan na kowace-hanya ne, zanensu kuma yana da kyan gani. Idan har ana jayayya a kan awo huɗu na iska a ƙasar da ke da kyawawan hanyoyi, ina ga akori-kurar da ke bin kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa kansa yake haura digiri 40? Mu ma muna da namu abin tunawa. Ranar 6 ga Maris, 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe.

Akwai wata al'ada da ke ƙara wannan haɗari. Direba ya tsaya a tsakiyar tafiya, ya auna taya ya ga iska ta hau, sai ya sa a rage. Dokar Gay-Lussac ta bayyana abin da ya faru. Idan an hura taya 60 da safe a zafin digiri 25, tafiya kuma ta kai iskar ciki digiri 55, to a ma'aunin Kelbin an tashi daga 298 zuwa 328, iskar kuma za ta nuna kusan 67. Masu ƙera taya sun san da wannan hauhawa, kuma sun yi mata tanadi. Wanda ya rage iskar ya sa tayar ta ƙara kwanciya, ta ƙara zafi. Saboda haka da sanyin safiya ake auna taya, kafin mota ta yi tafiya.

Wuri ɗaya ne rage iska yake da amfani, watau cikin yashi mai laushi. Direbobin Sahara sukan rage ta ƙwarai domin tayar ta shimfiɗu kamar tafin raƙumi, kada ta nutse. Wannan dabara daidai take da lissafin da muka yi a sama, amma sharaɗinta tafiya a hankali, da kuma mayar da iska kafin a hau kwalta.

Girma da shekaru

Wasu sukan sa tayar da ta fi ta asali girma domin mota ta yi kwarjini. Mu auna. Tayar 265/70R17 tana da tsayin kimanin milimita 803, ta 285/75R17 kuma kimanin 859, watau ƙarin kashi 7 cikin ɗari. Idan agogon gudu ya nuna 100, motar tana gudun 107 ne. Birki zai ƙara wahala, inji zai ƙara nishi a hawan tudu, motar kuma ta ƙara tsawo, abin da ke sauƙaƙa kifewa a kwana idan an tula kaya sama. A motar da ke ja da ƙafa huɗu ya wajaba tayoyin su zama girma ɗaya da ƙira ɗaya, har da safaya.

Game da shekaru, a nemi haruffan DOT a gefen taya, a bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Tun daga shekarar 2000 biyun farko mako ne, biyun ƙarshe kuma shekara. Alal misali 2319 tana nufin mako na 23 na 2019. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, domin iskar oksijin da hasken rana da zafi suna busar da ita har ta tsattsage. Manyan masu ƙera taya sun ce kada a wuce shekara 10 ko da zanen yana da kyau, wasu masu ƙera motoci sun ce 6, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuwa, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunnen direbobi game da tayar da ta wuce shekara 4. A cikin ramin zane kuma akwai ƴan tudu masu tsayin milimita 1.6. Idan fuskar taya ta suɗe ta yi daidai da su, tayar ta gama aiki.

Abin da masu wani ra'ayi ke cewa

Za a ce mini wannan magana ta masu kuɗi ce. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tayoyi suka koma kayan shigowa, farashinsu yana bin canjin kuɗi. Direban da ke neman na cefane dole ya leƙa wajen masu gwanjo. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, ba kuma na raina shi. Amma ina ganin mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa bukatar iya karatun gefen taya, tun da shi ne ya fi shiga haɗarin a sayar masa da tsohuwa, ko wadda aka yi domin ƙanƙarar Turai, ko ta fasinja a matsayin ta kaya. Karanta lambobi huɗu ba ya cin ko kwabo. Ma'aunin iska na aljihu kuma bai kai kuɗin facin taya ƴan lokuta ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, balle arahar da za ta kwantar da mota da lodin mutane a gefen hanya.

Wasu kuma za su ce tun da haka ne, kowa ya sayi ajin E ya huta. Wannan ma wuce gona da iri ne. Ajin E ya dace da babbar akori-kura mai jan tirela ko mai lodi kullum. A ƙaramar mota da ba ta cika ɗaukar kaya ba, taurinta zai sa motar ta riƙa tsalle a gargada, nauyinta ya ƙara shan mai, kuma ba kowane rim ne aka yi domin iska 80 ba. Haka nan wanda kusan duk tafiyarsa a kwalta take, tayar kwalta mai cikakkiyar lambar nauyi ta fi masa. Wanda aikinsa ke cikin baƙar lakar yankin Tafkin Chadi da damina, ta taɓo ce tasa. Tayar kowace-hanya ta wanda ke raba tafiyarsa ce tsakanin kwalta da burji da hanyar gona, kamar malamin gona da ma'aikacin allurar riga-kafi da ɗan kasuwar hatsi.

Ya kamata kuma a yi hattara da yabon da ake karantawa a intanet. Galibin gwaje-gwajen a Amurka da Turai ake yin su, inda alamar dutse mai tsini uku da ɗigon ƙanƙara a ciki take ƙara wa taya daraja. Alamar tana nufin tayar ta ci jarrabawar tafiya a kan dusar ƙanƙara. Wannan abin so ne a Kanada, amma ba ta faɗa wa mutumin Damagaram komai game da juriyar zafi ko ƙaya ba.

Kammalawa

Kirana ga malaman fiziya da lissafi shi ne su fitar da ɗalibai zuwa inda ake ajiye motar makaranta ko ta wani malami. Kowane rukuni ya kwafo rubutun gefen taya guda, ya fassara girmanta, ya nemo nauyinta a jadawali, ya lissafa shekarunta, ya auna iskarta, sa'an nan ya gwada da abin da ke jikin ƙofar direba. A darasi guda an taɓa matsi da dokar iska da kashi cikin ɗari da kewayen da'ira. Yawancin ɗaliban nan suna da uba ko wa ko kawu da ke tuƙi, ko kuma su da kansu sukan hau bayan akori-kura ranar kasuwa. Yaron da ya iya cewa, "Baba, wannan tayar ta 2015 ce, kuma kilo 1,060 kawai take ɗauka," ya kai ilminsa gida, kuma mai yiwuwa ne ya hana a yi zaman makoki a gidan.